Takardar da Ta Kai Saini Kaso

Kun tashi kun tarar da labarin nan an riga an gama shi a gari: wai kawunku Mamman, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, abokinsa Saini ne ya kashe shi a tsakiyar gulbi, hukuma ta kama shi, daga baya ta sake shi don ba shaida. Haka kuka ji a bakin maƙwabta, haka kuka ji a bakin dangin babanku. Duk ranar da ɗayanku ya tambaye ni, sai in ce Allah ne masani, in tashi in nemi wani aiki. To, yanzu ƙafafuna ba sa kai ni ko bakin kasuwa, kuma na ga yadda likita yake kallona in ya gama awo. Ba na son in tafi in bar muku labarin nan yadda yake. Ku karanta har ƙarshe, sannan ku yanke mini hukuncin da kuka ga dama. Ba zan ce kun zalunce ni ba.

Dole in fara da littattafai, don ta nan abin ya shigo. A layinmu ni kaɗai ce mace da ta yi lakwal, wato makarantar boko, har ta wuce kwaleji a Doso. Da na dawo Gaya sai na samu aikin buga takardu da mashin a biro, wato ofishin wani mai fiton kaya, kusa da duwan, ma'aikatar kwastan, inda manyan motocin kamyo masu fitowa daga Kwatano suke kwana da kwanaki suna jiran a sallame su. Wani dattijon direba ne ya fara miƙo mini littafi, ya ce wani ya manta shi a motarsa, shi kuwa ba ya karatu. Bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja, yana warin man gazuwal. Na buɗe shi lokacin hutun rana, da niyyar in duba shafi ɗaya. Sai kiran la'asar na ji. An kashe wani attajiri a gidansa, mutum bakwai ne a gidan, kowa yana da abin da yake ɓoyewa, ga wani mai bincike da ba ya ɗaga murya, tambaya kawai yake yi yana kallon takalman mutane. Mu ƴan lakwal polisiye muke ce wa irin waɗannan littattafai. Daga ranar duk direban da zai sauka Kwatano sai na roƙe shi ya duba mini wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Wasu su kawo, wasu su manta, wasu su kawo mini littafin lissafi don ba su san bambanci ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar yadda na ji daɗin littattafan nan ba. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane ba. Mace a wancan lokaci, ko ta yi lakwal, ba a tambayarta me take gani. Amma in na buɗe littafi, ni ake jira in gane. Marubucin yakan zuba mini kome a gaba, tokar taba a inda ba a shan taba, agogon da ya tsaya, matar da ta yi kuka kafin a gaya mata an yi mutuwa, sannan ya koma gefe kamar yana cewa, to, ga ki ga su. Ina da ƙaramin kaye, littafin rubutu, da nake rubuta sunan wanda nake zargi da shafin da na kai. In na zo ƙarshe na tarar na ci, sai in wuni ina murmushi ni kaɗai. In kuma an kayar da ni, daɗin ya fi yawa, don sai in koma baya in ga inda aka nuna mini gaskiya ƙiri-ƙiri na wuce ta. Akwai wanda na samu shafukansa na ƙarshe sun zube. Sati biyu na yi kamar mai zazzaɓi.

Inna, kakarku, ba ta ga amfanin abin ba. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, ita ta riƙe mu da sayar da muruci da dafaffen rogo. In ta ga tuwo yana sanyi a gabana sai ta ce:

“Ramatu, wai me ke cikin takardun nan da ya fi abinci?”

“Inna, mutum aka kashe, ana neman wanda ya kashe shi.”

“To ke ce uwarsa?”

Yaya Mamman kuwa so yake in ba shi labarin. Shi da Saini jirgin ruwa ɗaya gare su, suna ɗauko shinkafa da rake daga gonakin bakin gulbi. Saini Badende ne, ɗan sarkawa, baƙi, gajere, mai faɗin ƙirji, tun suna yara suke tare, har Inna takan ce ƴaƴanta maza biyu ne. Yana da mata, Fati, da ɗiya ɗaya, amma rabin cin abincinsa a gidanmu ne. Yaya kuwa ya kusa talatin bai yi aure ba, in an yi masa tsiya sai ya yi dariya, Inna ta canja magana. Da yamma in sun dawo daga ruwa, sai su zauna gindin mangwaron tsakar gida, in mayar musu da littafin da nake karantawa cikin Hausa, in tsaya dab da ƙarshe in ce kowa ya faɗi nasa. Yaya yakan ci wani lokaci. Saini bai taɓa ci ba ko sau ɗaya. Kullum baƙo yake zargi, ko wanda aka ce yana da muguwar fuska. In na ce ai aminin mamacin ne, sai ya riƙe baki.

“Haba, Ramatu! Mutumin da suke ci kwano ɗaya? Wannan littafi naki ƙarya yake yi.”

“Yaya Saini, ai kullum na kusa ne. Na nesa me zai samu?”

“Nasara dai ba su da amana,” in ji shi, ya ci gaba da ɓare rakensa.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da aka sa ranar aurena da babanku. Mushe ne, wato malami, a lakwal, mutanensa manyan manoma ne a Tanda, kuma uwarsa mace ce mai bin diddigi. Sai da ta aika aka bincika asalinmu har kakanni, ko akwai kuturta, ko hauka, ko wata cuta da ake gado. Ba a samu kome ba, aka sa rana bayan girbin shinkafa.

Wata safiya ina wanki a bayan ɗakin Yaya, katanga ce kawai tsakaninmu, sai na ji muryar Saini ƙasa-ƙasa, amma da zafi. Ban taɓa jin ya yi magana haka ba.

“Wallahi Mamman, in ka sake shiga jirgin nan, wata rana ni kaɗai zan dawo.”

“Rufe mini baki, kada a ji ka,” in ji Yaya.

Iyakar abin da na ji ke nan. Da suka fito ba wanda ya kalli wani. Na riƙe maganar a raina, don na riga na saba da riƙe irin waɗannan.

Kwana tara bayan nan, tsakanin azahar da la'asar, Saini ya shigo gidanmu ba sallama, tufafinsa na ɗigar da ruwa. Ya zube gaban Inna ya kama ƙafarta.

“Inna, Mamman ya faɗa ruwa. Na bi shi, na nutsa har numfashina ya ƙare, ban same shi ba.”

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta dube shi, ya dube ta, ta ce:

“Shi ne?”

Ya sunkuyar da kai. Ni ce na tambaya. Na ce iska aka yi? Ya ce a'a. Dorina ce? A'a. Jirgin ya kife? Bai kife ba. To yaya mutumin da yake ƙetare gulbi da iyo don wasa zai faɗa ruwa da rana tsaka, ba iska, ba kome, ya kasa fitowa?

“Faɗawa kawai ya yi, Ramatu.”

Washegari sarkawa suka samu Yaya maƙale cikin ciyawar burgu, can ƙasa da gada. Mu mata ba mu gan shi ba, amma na ji waɗanda suka yi masa wanka suna magana a zaure. Sun ce akwai rauni a ƙeyarsa, kuma harshensa a cije yake. Aka rufe shi, aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare.

Ni ban iya cewa haka ba. Ina son Yaya, shi ne ya yi ta faɗa da dangi har aka bar ni na tafi Doso, kuma zafin rashinsa na gaske ne. Amma akwai wani abu kusa da zafin nan, wanda sai yanzu nake iya kiran sunansa. Kaina ya kama aiki, irin aikin da yake yi in na kai tsakiyar littafi. Ga maganar da na ji ta bayan katanga. Ga rauni a ƙeya, inda mutum ba ya bugun kansa, kuma mai riƙe da filafili a baya shi ne Saini. Ga mutum yana ba da amsa guntu-guntu ba ya haɗa ido da ni. Dalili ne kawai ban samu ba, sai na ƙera shi da kaina: jirgin na mutum biyu ne, yanzu ya zama na mutum ɗaya. Cizon harshe bai shiga ko'ina cikin tsarina ba, sai na ajiye shi gefe. Ni da na san cewa a kowane littafi abin da ya ƙi shiga shi ne mabuɗi. Wancan kallon da suka yi da Inna, da tambayar da ta yi masa, su ma na bar su, don ba na son in bi hanyar da za ta kai ni ɗakin uwata.

Ban yi shawara da kowa ba. Ranar wata Alhamis, lokacin hutun rana, maigidan biro ya tafi gida, na sa takarda a mashin. Na rubuta wa kwamandan jandarma cikin Faransanci mafi kyau da na taɓa rubutawa. Na jera kome bi da bi, na sa maganar Saini kalma da kalma, na rufe da tambayoyin da ya kamata a yi masa. A ƙasa na sa “wani mai son gaskiya.” Na karanta ta sau uku. Ƴaƴana, ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗi: daɗi na ji. Yayana bai yi kwana ashirin a ƙasa ba, ina zaune ina sha'awar yadda jimlolina suka zauna. Na kai ta gidan waya na jefa, na dawo na ci abincina.

Ranar kasuwa jandarmomi suka kama Saini, a bakin ruwa, yana sauke buhuna. Aka bi da shi ta cikin jama'a. Jandarmomi aikinsu suka yi, takarda ta zo musu da zargin kisa, dole su tambaya. Da a ce ya ba su amsa, da ya kwana gidansa. Amma abin da ya faɗa mini shi ya faɗa musu: faɗawa kawai ya yi. Suka ce maganar da aka ji ya yi fa? Ya ce ya yi ta. Me yake nufi? Ya yi shiru. Ni kuwa da labari ya iso ni, shirun nan na ɗauka a matsayin shafin ƙarshe. Aka wuce da shi gidan kaso ya jira alƙali.

Inna ce ta ba ni mamaki. Da aka gaya mata, sai ta saki kwanon da ke hannunta, ta shiga ɗaki ta yafa mayafi, ta ce za ta wajen kwamanda. Ta kai zaure, ta tsaya, ta daɗe, sannan ta dawo ta zauna bakin murhu da mayafinta. Washegari ma haka. Rana ta uku har ta fita waje, sai ga uwar babanku ta iso daga Tanda da ƴan rakiyarta, sun zo ƙara gaisuwa da maganar kayan ɗaki. Inna ta shimfiɗa musu tabarma. Ba ta sake ɗaukar mayafin nan don zuwa ko'ina ba. Fati ta zo sau ɗaya, goye da ɗiyarta, ta tsaya tsakar gida.

“Inna, kin san Saini. Kin fi kowa sanin abin da ya faru. Ki taimake ni.”

Inna ta juya fuskarta ga bango tana kuka. Fati ta jira, ta jira, ta fita.

Daga ranar Inna ta ƙara wani abu cikin addu'arta. Duk sallar da ta idar, sai ta ɗaga hannu ta faɗa da ƙarfi, yadda duk gida zai ji:

“Allah ya isa tsakanina da wanda ya rubuta takardar nan. Allah kada ka ba shi kwanciyar rai, duniya da lahira.”

In ina kusa sai ta waiwayo.

“Ki ce amin, Ramatu.”

“Amin, Inna.”

A lokacin ina gaya wa kaina tsufa ne da tausayi, ba ta son ta yarda cewa yaron da ta ciyar ya ci amanarta. Ina cewa ranar da alƙali ya tabbatar, zan fito in ce ni ce, ta sa mini albarka.

Aka yi bikina bayan girbi, Saini yana kaso. Wata goma sha ɗaya ya yi kafin alƙali ya ce ba shaida, a sake shi. Ya fito da tari, ƙirjin nan mai faɗi ya shige ciki. Gari kuwa ya riga ya yanke nasa hukunci. Ba mai ba shi kaya ya ɗauka, ba mai shiga jirginsa, in ya tsaya a sahu na kusa da shi ya ɗan matsa. Na gan shi sau ɗaya a bakin gudro, wato titin kwalta, ina dawowa daga awon ciki. Ya tsaya ya gaishe ni kamar da.

“Ramatu, an yi aure ba ni nan. Allah ya ba da zaman lafiya.”

Na ɗauke kai na wuce, ina jin kaina mai gaskiya. Ba a daɗe ba ya kwashe iyalinsa suka ƙetare gulbi, suka zauna wani ƙauyen masunta gaba da Malanbil. Damina biyu ya ƙara.

Na haifi yayanku a gidan Inna, na sa masa sunan Mamman. Cikin kwanakin wankan jego na lura duk sanda jaririn ya zabura cikin barci, Inna sai ta taso da sauri ta buɗe idonsa, ta duba bakinsa. Wata safiya, ta gama yi mini wanka da ganye, muna zaune mu biyu, na ce:

“Inna, me kike dubawa a jikin yaron nan?”

Ta dubi jaririn, ta ce:

“Yanzu kam an ɗaura, kin haihu, ba mai kwance shi. Yayanki farfaɗiya gare shi.”

Ta ce ta same shi ne shekarar da na tafi Doso. Ba ta tashi kullum, sai a yi wata biyar, wata shida. Ranakun da nake zuwa hutu in tarar an rufe ɗakinsa an ce zazzaɓi ne, ita ce. Shi ya sa bai yi aure ba. Mutum uku suka sani, ita, da shi, da Saini, wanda ta fara kayar da shi a gabansa. Ta sa Saini ya dafa Alƙur'ani cewa ba zai faɗa wa kowa ba, ko matarsa, don in gari ya ji ba mai sake cin abinci da Mamman, ba kuma mai auren ƙanwarsa. Da aka sa ranar aurena, ciwon ya riƙa zuwa kusa-kusa. Saini ya yi ta roƙonsa ya bar ruwa, Yaya ya ce in ya zauna gida mutane za su tambayi dalili, kuma da me za a yi wa Ramatu kayan ɗaki. Ranar nan yana tsaye a gaban jirgi farfaɗiyar ta buge shi, ƙeyarsa ta daki bakin jirgin, ya sulale.

“Sau uku na tashi in je in faɗa,” in ji Inna. “In na kai zaure sai in ga fuskarki. Na ce bari a ɗaura tukuna. Da aka ɗaura na ce bari ki samu ciki. Saboda ke na bar yaron nan a kaso, Ramatu. Ni da mai takardar nan, ban san wanda Allah zai fara tambaya ba.”

Ina riƙe da jariri a ƙirji. Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe, maganar ta zo har kan harshena. Sai na ga tsohuwar nan da ta sayar da lahirarta don ta saya mini aure, na kasa ce mata wadda ta yi wa haka ita ce ta haƙa ramin tun farko. Na ce:

“Allah ya gafarta mana, Inna.”

A lokacin Saini yana da rai. Tsakanina da shi gada ce da tafiyar da ba ta kai rabin wuni ba. Na ce sai na yi arba'in. Na yi arba'in na ce sai yaro ya yi ƙwari. Abin da na ga uwata ta yi, shi na yi, ƙafa da ƙafa. Sai labarin rasuwarsa na ji a bakin mai sayar da kifi. Inna ta ƙara shekara shida, ba ta fasa addu'ar nan ba ko rana ɗaya, ni ma ban fasa cewa amin ba. Ta rasu kanta a kan cinyata tana sa mini albarka, ba ta san hannun da take riƙe da shi ba. Babanku ma ya tafi bai sani ba. Yakan ce ni mace ce mai yawan shiru.

Littattafan kuwa, na zuba su a kwali na ba mai ƙosai ta naɗe kayanta da su. Na yi shekara fiye da goma ban taɓa ko ɗaya ba. Da zan iya ce muku na tsane su daga ranar, da labarin ya fi kyau, amma ba haka aka yi ba. Wata rana na ga ɗaya a teburin babanku, ya karɓe a hannun wani a lakwal, na ɗauka, kuma daɗin nan ya dawo kamar ban taɓa barinsa ba. Kun tashi kun gan ni da su, har kuna sayo mini daga Yamai. Ba laifinsu ba ne. Ba su taɓa ce mini in rubuta wa kowa takarda ba. Abin da nake nema a cikinsu ne ya canja. A can, in aka kama wanda bai ji ba bai gani ba, kafin littafi ya ƙare an buɗe masa ƙofa, an ba shi haƙuri, ya koma gidansa da lafiyarsa. Nakan karanta wannan wuri sau biyu. In na rufe littafin sai in tarar da kaina inda nake.

Shekara uku da suka wuce, ranar da na ce muku zan je Malanbil sayen atamfa, ba atamfa na je saye ba. Na hau kabu-kabu daga bakin gada har ƙauyen. Na tarar da Fati a bayan bukkarta tana banda kifi, ta tsufa, hayaƙi ya cinye mata ido. Na yi sallama, na faɗi sunana. Ta nuna mini turmi na zauna. Na yi shekara arba'in ina shirya maganar, amma a taƙaice ta fito.

“Yaya Fati, takardar da ta kai Yaya Saini kaso, ni na rubuta ta.”

Ba ta daina juya kifinta ba.

“Na sani.”

“Kin sani?”

“Shi ma ya sani, tun ranar farko. Sun karanta masa ita, aka mayar masa da Hausa. Maganar da ya yi a ɗakin Mamman ce, ba ƙari ba ragi. A gidan nan wa ke rubutun Nasara? Da na kai masa abinci ya ce, Fati, Ramatu ce, amma in kika faɗa wa Inna ban yafe miki ba. Ta rasa ɗa ɗaya, kada ta rasa na biyu.”

Na tuna gaisuwar da ya yi mini a bakin gudro, da yadda na ɗauke kai. Na sauka daga kan turmin na durƙusa cikin toka.

“Ya yafe mini?”

“Bai faɗa ba. Ban tambaye shi ba. Tari ya hana shi magana a ƙarshe.”

“Ke fa, Yaya Fati?”

Sai a nan ta ajiye abin da ke hannunta.

“Na yi ƙoƙari. Na je wajen malamai, sun ce in yafe don kaina. Na yi azumi a kai. Ɗiyata ta girma ana ce mata ɗiyar mai kisa, sai can cikin Najeriya ta samu miji, inda ba a san mu ba, yau shekara tara ban gan ta ba. Da kin zo yana da rai, ko da kwana ɗaya ne, da wataƙila. Yanzu kin zo ne don kin ji ƙamshin kabari. Ban yafe ba, Ramatu. Ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi ba.”

Na ce ko za ta nuna mini inda aka rufe shi. Ta ce ruwa ya cinye gaɓar nan tun shekarar babbar ambaliya, ba kabari, ba alama. Na ce akwai abin da zan iya yi mata? Ta ɗan yi tunani.

“Akwai. Ranar da kika ji na mutu, kada ki zo gaisuwa.”

Ga abin da nake so ku yi. Saini bai kashe kawunku ba. Ya nutsa nemansa har ya kusa halaka, ya riƙe rantsuwarsa, ya rufa mini asiri ina tona masa rami. Kada ku jira in mutu. Mamman, kai ne babba, ka karanta wannan a gaban dangin babanku a Tanda, ka karanta a ƙofar gidan Inna inda tsofaffin layi suke zama, da sunana a ciki, kada ka rage kome. Ku nemi ɗiyarsa, Hawa sunanta, ku kai mata. Na san yawancin waɗanda suka matsa daga gefensa a sahu sun mutu, kuma na san gyaran nan bai iso kowa da ke bukatarsa ba. Ku yi duk da haka.

Fati ta rasu cikin sanyin bana. Mai kifi ce ta kawo labarin, da hantsi. Na ji mata biyu na layinmu suna shirin ƙetarewa, har ɗaya ta leƙo ta ce ko za ni, a samo mini mota. Na ce ƙafa ta hana. Na zauna a ɗakina har suka je suka dawo. A duk rayuwata, wannan ne abu ɗaya da na yi wa gidan Saini daidai.